Gas Ba Ya Ƙarewa: Kwana Uku a Bayan Babur ɗin Mai Gyaran Sanyi

Tun ba mu sauke kwanon sahur ba wayar Kawu ta fara ruri. Ya ɗauka, ya saurara, ya ce, "To Alhaji, in Allah ya yarda yau muna tafe." Bai ajiye ta ba wani kiran ya shigo. Kafin a kira assalatu mutum biyar sun neme shi daga garuruwa huɗu, kuma bakinsu ɗaya kamar sun yi shawara: gas ya ƙare, a zo a ƙara.

Kawu ƙanen mahaifiyata ne. Ya fi shekara 20 yana gyaran firigo da kilim a birnin Maraɗi, abin da 'yan'uwanmu na Katsina da Kano ke ce wa firij da esi. Yaron shagonsa ya tafi ƙauye jinyar mahaifinsa, ni kuma ina hutu, sai ya ce in zo in riƙe masa jaka. Azumin 2024 ne, farkon watan Afrilu. A makon nan ne zafi ya kai digiri 48.5 a garin Kayes na ƙasar Mali, mu ma a nan da azahar ta yi sai ka ga kwalta na ƙyalli kamar an kwara mata ruwa. A irin wannan lokaci, duk mai firigo a ƙasar Katsinar Maraɗi da Gobir ya san lambar mai gyara kamar yadda ya san sunan ɗansa.

Muka ɗaure kaya a babur: ƙananan tukwanen gas guda biyu, da mano, wato agogon auna ƙarfin gas mai fuska ja da shuɗiya, da kayan walda, da mita, da ƙaramin sikeli, da wata tsohuwar kwamfuresa da ya mayar famfon zuƙe iska. Na tambaye shi wanne ya fi yi masa aiki a cikinsu. Ya sa hannu a aljihun jaka ya fiddo tsohon burushin fenti da gorar ruwan sabulu.

"Waɗannan, ɗana. Sauran duk 'yan rakiya ne."

Muka kama hanyar Damagaram rana na ɓullowa. Gonaki sun yi fayau, an kwashe kara, babu abin da ya rage sai gawo tsaye nan da can da koren ganyensa. Shi ne itacen da ke zubar da ganye da damina ya mayar da shi da rani, shi ya sa a watan da komai ya bushe za ka ga awaki da makiyayinsu sun taru a gindinsa. Yankin nan na Agye ya yi suna wajen sassaben zamani, inda manomi ke barin tohon itace ya girma a gonarsa maimakon ya sare shi, kuma tun daga kan babur ana ganin amfanin abin.

Zangonmu na farko Cadawa ne, garin aya. Mai kiran wani mai shago ne a bakin kasuwa. Ya ja mu zuwa ƙuryar shagon ya nuna mana wani tudu. Sai da muka duba da kyau muka gane kongilata ce, wato firiza, a ƙarƙashi. Ya lulluɓe ta da bargo biyu, ya ɗora tabarma, sannan ya jera buhunan aya ya kewaye ta ta kowace kusurwa.

"Maigida, wannan fa?" in ji Kawu.

"Don kada sanyin ya fita ne. Ka san zafin bana. Amma duk da haka ruwa ya ƙi kamawa. Gas ne ya ƙare."

Kawu bai ce uffan ba. Muka janye buhunan, muka yaye bargunan, ya kama hannun mutumin ya ɗora a jikin kongilatar. Mutumin ya fizge hannunsa yana salati, don jikin ya yi zafi kamar tanda.

Nan na ji bayanin da zan sake ji har sau shida kafin mu koma gida. Firigo ba ya haifar da sanyi, kwasar zafi yake yi. A cikin bututunsa akwai ruwan gas da ke zagayawa. In ya shiga ciki sai ya tururi, ya ɗebi zafin abin da aka ajiye, kamar yadda gumi ke ɗauke zafin jiki in iska ta busa. Kwamfuresa ta matse shi ta tura shi waje, ya sauke zafin nan a iska, ya koma ruwa, ya sake shiga. A irin wannan kongilata, bututun da ke sauke zafin a cikin bangonta suke. Wanda ya rufe ta da bargo ya toshe mata hanyar numfashi ke nan.

Muka jawo ta daga bango, Kawu ya share ƙurar da ta daskare a ramin kwamfuresa da burushinsa. Kafin mu gama wanke hannu cikinta ya fara raɓa. Mai shago ya leƙa, ya yi murmushi, sannan ya ce, "To tunda kun riga kun zo, a ɗan ƙara mata gas ɗin, ko kaɗan ne."

"Ba na ƙarawa," in ji Kawu. "Awonta a rubuce yake a bayanta, gram kaza, ba ƙari ba ragi. In na ƙara, na cuce ta, na cuce ka."

Mutumin bai ji daɗi ba. A ganinsa wanda bai kunce komai ba, bai zuba komai ba, bai yi aiki ba. Da ƙyar ya miƙo jika ɗaya, ya haɗa da tiyar aya. A hanya na ce wa Kawu ai da ya jona tukunyar ya bar ta ta yi huci na minti ɗaya, da jika biyar zai karɓa, kuma da godiya. Ya daɗe bai amsa ba, sai da muka wuce wata motar itace sannan ya ce, "Na sani. Akwai masu yin haka. Amma azumi nake yi, kuma ko ba azumi, gobe ma zan biyo hanyar nan."

Agye na da nisan kimanin kilomita 80 daga Maraɗi. Mun shiga wajen ƙarfe sha ɗaya, muka nufi gidan Alhajin da ya fara kira da asuba. Aka ce yana kwance, mu jira. Muka zauna a zaure har aka yi azahar. Da ya fito, gumi na tsiyaya daga gemunsa, ko gaisuwa bai bari mun gama ba.

"Malam, kilim ɗin nan ko sati uku bai yi ba da na sawo shi. Kwancen Turai ne, an ce mini ya fi sabo ƙarfi. Jiya na kunna shi, wallahi kamar an buɗe mini bakin maƙera. Na fita tsakar gida na kwana."

Kawu ya kunna. Iska mai zafi ta bugo mu. Ya fita ya taɓa injin waje, ya ji shi da sanyi ƙarara. Ya dawo ya ce a ba shi abin dannawa. Ya duba fuskarsa, ya ga 'yar alamar rana a kusurwa.

"Alhaji, wa ya danna wannan?"

"Ni ne. Ai rana ake yi. Na ga hoton rana, na ce bari in shaida masa abin da ke damuna."

Kawu ya danna har alamar ƙanƙara ta fito. Ba a yi minti biyar ba ɗakin ya fara lafawa. Ya bayyana masa cewa irin waɗannan injuna an ƙera su ne don ƙasashen da ke da tsananin sanyi, suna da wata makunna a ciki da ke juya tafiyar gas, sai su kwaso zafin waje su zuba a ɗaki. Alhaji ya yi shiru, sannan ya fashe da dariya har yana riƙe ciki, ya ƙwala wa uwargidansa kira ta zo ta ji. "Ashe ni na kwana ina sanyaya wa unguwa!" Ya biya ba tare da ciniki ba, ya ƙara da kuɗin mai. Kawu ya ce masa ya adana alamar ranar nan har watan Janairu, lokacin da hunturu zai sa mutane kwana da kaskon wuta.

Aikin da ya tsaya mini a rai kuwa bayan la'asar muka same shi, a wani ƙaramin gida can gefen gari. Matar gidan mijinta ya rasu ya bar ta da 'ya'ya biyar da kongilata guda ta tsaye, irin mai hawa-hawa da bututun sanyi a fili. Da ita take ƙulla ƙanƙara da zoɓo da kunun aya, yara su kai bakin kasuwa gab da shan ruwa. Watan azumi shi ne kakarta. Abin da ta samu a cikinsa shi ne kayan sallar yara da hatsin da zai kai su damina.

"Malam, sau uku ke nan ana ƙara mata gas tun shigowar azumi," in ji ta. "Duk zuwa jika shida. Ta yi kwana biyar tana aiki, sai ta koma. Mai zuwan ya ce tsufa ne, shan gas take yi."

Na ga fuskar Kawu ta canza. Ya ce, "Hajiya, firigo ba babur ba ne da zai sha mai. Gas ba ya ƙarewa. In kin ga ya ragu, to akwai inda yake fita. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga."

Ya duba takardar bayanta ya ga R600a. Nan take ya ce a kashe murhun da ake suyar ƙosai a kai, a fitar da yara, a buɗe ƙofa da taga, don wannan gas ɗin ɗan'uwan gas ɗin girki ne, yana kama wuta. Ya sa wa bututun matsi, ya ɗauko gorar sabulu ya shiga shafawa hawa bayan hawa, a hankali kamar mai shafa wa jariri mai. A hawa na uku, can ciki, wani ɗan kumfa ya taso, ya fashe, wani ya sake tasowa. Kusa da shi akwai ƙarzar bakin wuƙa.

Uwar ta juya ta dubi babban ɗanta, yaro ɗan shekara 12 da ke laɓe a bakin ƙofa. Idonsa ya cika da ƙwalla. Ledojin ƙanƙara ne ke manne wa ƙarfen, shi kuma yana saurin ya riski masu buɗa-baki, sai ya riƙa ɓamɓaro su da wuƙa. Ta ɗaga murya, Kawu ya tare ta.

"Hajiya, yi haƙuri. Neman taimakonki yake yi, ba ɓarna ba. Wanda ya karɓi jika goma sha takwas bai nemi ramin nan ba, shi ne abin jin haushi." Ya yafito yaron ya ce, "Zo nan, abokina. Daga yau ruwan ɗumi za ka ɗan zuba, ledar za ta saki da kanta. Riƙe mini tocila."

Aikin ya kai mu har bayan isha'i. Aka fitar da ragowar gas ɗin sarai, aka toshe ramin, aka canza matatar da ke tsotse danshi, don duk inda gas ya fita iska da laima sun shiga. Tsohuwar kwamfuresar nan ta daɗe tana gurnani tana zuƙe bututun. Sannan Kawu ya ɗora tukunya a sikeli ya auna abin da takarda ta ce, ya rufe. Matar ta kawo mana kunu da ƙosai, ta tsaya tana murza bakin mayafinta. Kafin ta buɗe baki ya fiddo wani ƙaramin littafi da ya sha jiki, ya rubuta, ya ce, "Sai ƙanƙara ta kama, kin sayar, kin yi wa yara ɗinki. Ba gudu zan yi ba."

Mun kwana a ƙofar gidan wani abokinsa, bisa tabarma, iska ko motsi ba ta yi. Nan ya ba ni tarihin tukwanensa. Lokacin da ya fara koyo, R12 ake zubawa a kowane firigo. Da aka gano yana cinye rufin ozon da ke tare mana hasken rana mai cutarwa a sama, ƙasashen duniya suka ƙulla yarjejeniyar Montreal a 1987, aka kawar da shi, R134a ya maye gurbinsa. R22 na kilim shi ma an sa masa wa'adin 2030 a ƙasashe irin namu. Yanzu kuma ga R600a da R32, masu buƙatar a kiyaye da wuta. Kowanne da irin man da kwamfuresarsa ke sha, ba a haɗa su. "Amma kayan kwance da ke shigo mana na kowane zamani ne," in ji shi. "Mai gyara a Turai zamani ɗaya yake sani. Mu dole mu san uku. Wanda bai iya karanta takardar bayan inji ba, kada ya taɓa shi."

Washegari muka ƙarasa Gazawa, tafiyar da ba ta da nisa daga Agye. Har zuwa 2011 ƙarƙashin Agye take, sannan aka ba ta nata yankin. Tun daga nesa ake hango dogayen turakun ƙarfe. A nan ne babban layin wuta mai kilobolt 132 da ya taso daga Katsina ke sauka, ya rabu, reshe ya yi Maraɗi, reshe ya yi Damagaram. Bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023, Najeriya ta yanke wutar da take ba Nijar a farkon Agusta, ba ta dawo ba sai a watan Maris na 2024, makonni kaɗan kafin tafiyarmu. Kawu ya ce a watannin nan ya canza kwamfuresa fiye da yadda ya saba a shekara guda. Kowa ya koma kan ƙaramin gurup, wato janareta, wuta ta hau ta sauka, a kashe a kunna ba hutu. Shi ya sa duk gidan da muka shiga sai ya bar musu wasiyya ɗaya: in wuta ta ɗauke ta dawo, a ba firigo minti biyar kafin a jona shi, matsin da ke cikin bututu ya kwanta.

Wanda ya kira mu a Gazawa ma'aikaci ne, mutum mai natsuwa. Kilim ɗinsa da an kunna sai wutar gidan duka ta faɗi. An riga an gaya masa kwamfuresa ta ƙone, har ya ranto kuɗin sabuwa ya ƙulle a ambulan. Ya kuma shaida mana cewa kwana huɗu ke nan ba sa ga-maciji da maiɗakinsa, don ya ce ita ta kashe injin da yawan kunnawa da rana.

Kawu ya hau tsani ya kunce murfin injin waje. Ya daɗe yana kallo, sannan ya ce in miƙo masa filaya. Ya zaro wata tsaka, ta bushe ƙayau, ta miƙe sambal. Ta shiga neman inuwa ne ta kwanta a kan ƙafafu biyu na kwandansata, wato abin da ke tayar da inji, ta haɗa wuta, ta ƙone kanta ta ƙone shi. Ya gwada kwamfuresa da mita, lafiyarta lau. Ya fiddo wani kwandansata daga jaka ya sa, injin ya tashi.

Maigidan ya dubi tsakar, ya dubi ambulan ɗinsa. Ya ce, "Malam, don Allah kar ka jefar. Ba ni ita." Ya karɓa a kan takarda, ya shiga cikin gida da ita a tafin hannu kamar mai kai tukuici. Muna daga waje muka jiyo dariyar matar, da muryarsa yana ba ta haƙuri. Ya fito ya biya kuɗin kwandansata da na aiki, ya mayar da sauran inda ya ranto.

Muna shirin juyawa gida sai ga kiran wani majo, wato babban ma'aikacin jinya, daga wata 'yar likita ta ƙauye. Muka bar kwalta muka shiga yashi ta kwarin Gulbin Kaba, inda goriba ta yi layi, mata na zaune a inuwa suna saƙar tabarma da igiya. Sau biyu muna sauka muna tura babur. Mun isa leɓunanmu sun bushe.

Majon saurayi ne, bai fi ni da yawa ba. Ya kai mu wani ɗan ɗaki inda firigon allurar rigakafi yake, fari, mai aiki da hasken rana. A jikin bango ga takardar da yake rubuta awon sanyi safe da yamma, ba ranar da ya tsallake. Magungunan nan tsakanin digiri 2 da 8 ake son su zauna. In sun yi zafi ƙarfinsu ya tafi, wasunsu kuma in sun daskare sun lalace, ko da ido bai ga alama ba. Kwana uku ke nan awon na hawa: 5, 6, yau 7. Ya sanar da na sama da shi, amma gobe ne ranar awon jarirai, mata za su taso daga ƙauyuka da goyo tun da sassafe.

"Baba, in ya wuce 8 ban san abin da zan ce musu ba," in ji shi.

Kawu bai taɓa bututun ba. Ya ce irin wannan firigo ba shi da batir, da rana yake tara ƙanƙara a cikin bangonsa ta riƙe shi har gari ya waye, saboda haka a fara tambayar rana tukuna. Muka hau rufi. Fanon hasken ranar ya yi jawur da ƙura, kashin tantabaru ya rufe kusurwa guda, reshen dogon yaro kuma ya miƙo ya yi masa rumfa tun daga azahar. Aka sare reshen, muka wanke fanon da tsumma da ruwa, Kawu ya ɗaure wata waya da ta yi sako-sako. Muka sauko muka zauna muna jiran injin. Da ya ɗauka, majon ya tsuguna a gabansa ya kasa kunne kamar mai sauraron ƙirjin majiyyaci.

Abin da na lura da shi a ɗakin nan ban manta ba. Mutumin yana azumi, a ƙauyen da babu wani firigo sai wannan, amma ko ledar ruwa ɗaya babu a ciki. Ya ce har manyan gari sun aiko a sanyaya musu ruwan buɗa-baki, ya ba su haƙuri, don duk buɗewa ɗaya zafi ne ke shiga. Kawu ya ƙi karɓar ko dala. Da muka hau babur ya ce mini, "Ka ga wancan yaro? Ni da shi sana'armu ɗaya."

Rana ta uku daga Maraɗi muka yi yamma, ta hanyar Madawa. Tsibiri na nan kusa da Maraɗi, garin da Gobirawa suka kafa bayan yaƙin Gawakuke na 1836, inda fadar Sarkin Gobir take har yau. A nan aikin zafi ne ya kira mu, ba na sanyi ba. Wani matashi ya sayi injin ƙyanƙyasa ya zuba ƙwan kaji, injin na ta kuka, lambarsa ta haura 40. Ƙwan kaza kwana 21 yake yi a zafin da bai kai digiri 38 ba. Matashin ya rantse abin ɗumamawar ne ya haukace.

Kawu ya duba ya ga abin ɗumamawar a kashe yake tun safe. Ya ɗaga kai ya dubi rufin kwano, ya rataye ma'aunin zafi a ƙusa. Ɗakin kansa ya fi cikin kaza zafi. Injin ya iya ƙara ɗumi, bai iya ragewa ba.

"To mi za a yi, Baba?" in ji matashin.

"Ina ɗakin kakarka?"

Muka ɗauki injin a hankali, mu uku, muka kai shi wani tsohon ɗakin ƙasa mai kaurin bango. Aka jiƙa buhunan algarara aka rataya a taga, aka yayyafa ruwa a daɓe. Cikin sa'a guda kukan ya tsaya. Tsohuwar na zaune a bakin ƙofa tana jan carbi, ta ce dama ta faɗa masa ɗakin kwano ba wurin ajiye mai rai ba ne.

Daga nan muka miƙa Gidan Rumji, sama da kilomita 50 daga Maraɗi. Tun 2019 yankin nan ke karɓar mutanen da 'yan bindiga suka koro daga Zamfara da Sakkwato da Katsina, shi ya sa Kawu ba ya yarda yamma ta same shi a hanyoyin da suka yi kusa da iyaka. Sauri muke yi. Mai kiran, wani mai sayar da kifi da kaji, ya buga waya ya fi sau goma tun jiya, yana cewa kayansa za su ruɓe, in ba mu zo ba alhaki a wuyanmu.

Muka tarar da shagon a kulle. Ya tafi kasuwar wani ƙauye da makullin. Muka zauna a inuwar bango sa'a biyu, rana na dukan ƙafafunmu. Da ya dawo ya buɗe, wari ya tarbe mu. Kawu ya durƙusa ya bi wayar kongilatar da hannu har bango. Filoginta na ƙasa a yashe. A gurbinsa an jona wani dogon soket, wayoyin hannu bakwai na caji a kai. Ƙanen mai shagon ne ya fara sana'ar caji shekaranjiya.

Kawu ya mayar da filogin, injin ya tashi nan take. Ya ce a ba shi kuɗin mai kawai.

"Kuɗin mi? Mi ka gyara? Wanga ko yaro ya iya shi."

Ban taɓa ganin ran Kawu ya ɓaci irin na ranar ba. Jijiyar wuyansa ta tashi. Ya buɗe baki, ya rufe, ya ce, "Ina azumi." Ya ɗauki jaka. Har mun kai bakin ƙofa ya juyo ya ce, "Kifin nan ya narke ya kwana. Kada ka sayar wa mutane, don Allah. Wannan shawarar ma kyauta ce."

Mun yi tafiya mai nisa ba wanda ya ce da wani komai. Rana ta faɗi muna gab da Tsibiri, ta gefen fadamar Gulbin Maraɗi. Muka tsaya a wata 'yar rumfa a bakin hanya. Wata tsohuwa ta fito ta ce, "Sannunku da hanya, 'ya'yana, ku sha ruwa." Ta ɗebo a randar da ke binne rabi a jiƙaƙƙen yashi, an rufe ta da faifai. Ruwan ya sauka har cikin ƙashi, da ƙanshin ƙasa a tare da shi.

Kawu ya shafa jikin randar, ya nuna mini danshin da ke tsattsafowa. Ya ce aikin da kwamfuresa ke yi da ƙara, shi wannan ke yi shiru: ruwa ya fito ta ƙofofin yumɓu, iska ta ɗauke shi, ya tafi da zafin. A kan wannan hikima ce wani malami ɗan Jigawa, Mohammed Bah Abba, ya sa tukunya a cikin tukunya da jiƙaƙƙen yashi a tsakani don adana kayan miya a ƙauyukan da babu lantarki, har aka ba shi kyautar Rolex a shekarar 2000. Tsohuwar ta ce ita ba ta san shi ba, amma randarta tun aurenta take, ba ta taɓa kiran mai gyara ba. Karon farko ke nan da Kawu ya yi dariya tun barinmu Gidan Rumji.

A zaune a wurin na lissafa. Wuri bakwai muka je a kwana uku, kusan duk suna cewa gas ya ƙare ko inji ya mutu, amma wuri ɗaya tak aka buɗe tukunyar gas. Mai firigo ba ya ganin cikin bututu. Abin da mai gyara ya faɗa masa shi ne gaskiya a wurinsa, ko ya faɗi daidai ko ya yi son kai. A ƙasar da sanyi ke nufin jarin uwar marayu, da allurar jariri, da zaman lafiyar miji da mata, wannan ba ƙaramar amana ba ce, kuma babu mai gadinta sai wanda ke riƙe da mano.

Muna ɗaura jaka wayar ta sake ruri. Kawu ya duba, ya sa ta a kunne, sai na ga ya miƙo mini. Muryar yaron nan ce na Agye, yana haki kamar ya yi gudu.

"Baba, Inna ta ce a gaya maka ta kama! Duka hawa biyar sun kama, tun jiya! Yau har ba ta ishi masu saye ba. Kuma da ruwan ɗumi na cire."

Kawu ya karɓi wayar ya ce, "Madalla, abokina. Ka gaida Hajiya." Ya mayar da ita aljihu, ya yi wa tsohuwar godiya, ya taka babur. Kafin mu hau kwalta wani kiran ya shigo, daga Cadakori. Na ji muryar mutumin tana fitowa ta cikin iska, yana cewa gas ya ƙare.

"To," in ji Kawu. "Kada ka bari kowa ya taɓa shi. Gobe bayan asuba muna tafe."